Ina za a ga tsuntsayen bakin ruwa kusa da Accra?

Ɗan'uwa, ka tambayi inda za ka ga tsuntsaye masu dogayen ƙafafu a yini ɗaya. Wurare biyu ne: tafkin Sakumono a hanyar Tema, da bakin kogin Densu a yammacin gari. Duka an sa su cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya, a 1992. Densu ya fi, domin gine-gine sun cinye gefen Sakumono sosai. Sai dai filayen gishirin Panbros da ke bakin Densu na kamfani ne, nemi izini kafin ka shiga.

Je tsakanin Satumba da Maris, lokacin da baƙin tsuntsaye daga Turai ke nan. Zalɓe da balbela kuwa kullum akwai. Ka isa ƙarfe 6 na safe, rana tana bayanka, in ba haka ba inuwa kawai za ka gani. Hazon hunturu a Disamba da Janairu yana rage gani.

Riƙe madubin hangen nesa 8x42 (mai ƙara girma sau 8), da ruwa lita 2. Kada ka sa fararen kaya. Bi kan gaɓa, taɓon yana da zurfi yana cire takalmi. In tsuntsu ya daina kiwo ya miƙe wuya, ka matso kusa da yawa ke nan, ja baya.