Amsa: Waye ya haɗa wa AC/DC sautin Back in Black?

Malam kana tambaya ko su AC/DC, ƙungiyar mawaƙan rock, ne suka haɗa wa kansu wannan sautin mai ƙarfi na kundin waƙoƙinsu Back in Black, to a'a, furodusan shi ne Robert John Lange, wanda aka fi sani da Mutt Lange. Kuma abin mamaki a Afirka aka haife shi, garin Mufulira na Zambiya ta yanzu, 1948, ya taso a Afirka ta Kudu kafin ya koma Ingila.

Ya fara aiki da AC/DC a kundin Highway to Hell na 1979, sai mawaƙinsu Bon Scott ya rasu a Fabrairun 1980, suka ɗauko Brian Johnson suka tafi Bahamas aka yi rikodin Back in Black a situdiyon Compass Point. Mutt Lange akwai naci wallahi, layi ɗaya sai ya sa mawaƙi ya yi ta maimaitawa har sai ya ji ya zauna daram, wannan halin ne ma da haɗarin motar da mai gangar ƙungiyar Def Leppard, Rick Allen, ya rasa hannun hagu suka sa kundinsu Hysteria, wanda shi Mutt ɗin ya haɗa musu, bai fito ba sai 1987. Ni dai a kunnena Hysteria ya cika sheƙi, na fi son aikinsa da AC/DC. Daga baya ya auri mawaƙiya Shania Twain ya shiga harkar kiɗan kantiri (country).