Kafin ka ba ɗan kwangila aikin tafkin ninkaya a Kalifoniya

Ɗan'uwa, ka ce wani ya yi maka farashi mai sauƙi zai gina maka tafkin ninkaya a bayan gida, kana tambaya ko dole sai yana da lasisi. Dole ne. A jihar Kalifoniya ta Amurka lasisin wannan sana'a shi ne C-53, hukumar CSLB mai kula da lasisin 'yan kwangila a jihar ke bayarwa, kuma sai mutum ya nuna gogewar shekara 4, ya ci jarrabawar doka da ta sana'a, ya ajiye lamunin dala 25,000. Karɓi lambar lasisinsa ka duba a shafin hukumar da kanka.

Kuɗin kafin alƙalami kada ya wuce kashi 10 cikin 100 ko dala 1,000, wanda ya fi ƙanƙanta. Idan ya nemi rabin kuɗi tun bai haƙa rami ba, ka janye.

Abin da ya fi damuna shi ne yara. Tun 2018 dokar jihar ta ce sabon tafki sai da aƙalla biyu daga cikin matakan kariya 7, kamar shinge mai ƙofa da ke rufe kanta, ko ƙararrawa a ƙofar gida. Ka duba murfin magudanar ƙasan ruwa da idonka. A 2002 irin wannan magudana ta tsotse wata yarinya 'yar shekara 7, Virginia Graeme Baker, a kwamin ruwan zafi, ta rasu. Dokar tarayya ta 2007 kan kariya a tafkunan ninkaya sunanta take ɗauke da shi.

Izinin gini kuwa, bari shi ya karɓo da sunansa, kada ka yarda a sa naka.