Filin Lambu: Amsoshin Tambayoyinku Kan Okid Mai Ratsin Ganye

Wasiƙun wannan watan sun fi karkata ga okid, furen nan da ake sayarwa a tukwane a wajen masu furanni, musamman irin wanda ganyensa ke da ratsin fari ko ruwan ɗorawa. Ga waɗanda muka zaɓa.

Tambaya: An kawo mini okid tsaraba, ganyensa kore ne da farin ratsi a gefe. Ƙawata ta ce cuta ce, wanda ya sayar kuma ya ce ado ne, shi ya sa ya fi tsada. Wa ke da gaskiya? Daga wata Hajiya a Kaduna.

Amsa: Hajiya, kowannensu na iya yin gaskiya, domin abu uku ne ke sa ganyen okid ya fito da launi biyu.

Akwai wanda haka Allah ya halicce shi. Phalaenopsis schilleriana da Phalaenopsis stuartiana na ƙasar Filifin suna da ganye mai rodi-rodin azurfa. Ludisia discolor ta kudancin Sin da kudu maso gabashin Asiya ganyenta ja ne mai duhu, da jijiyoyi masu ƙyalli. Macodes petola ta Indonesiya da Malesiya jijiyoyinta kamar an zana da zinariya. A nan Afirka ma akwai Oeceoclades maculata mai dabbare-dabbaren ganye. Waɗannan zanensu a cikin irinsu yake, ba ya gushewa.

Na biyu shi ne wanda muke kyautata zaton kina da shi. A can ƙarshen tsiro, inda sabon ganye ke fitowa, wasu ƙwayoyin halitta sukan sauya su daina yin kulorofil, sinadarin nan kore da ganye ke haɗa abinci da shi daga hasken rana. Sai tsiron ya ci gaba da girma da ƙwayoyi iri biyu, masu kore da marasa kore. Ratsinsa yakan bi tsawon ganyen a miƙe ko ya kewaye gefensa, iyakarsa a fili take, wurin farin sumul yake da kauri ɗaya da sauran ganyen, kuma tun ganyen na ƙarami yake fitowa da shi. Ki riƙe wannan, domin duk sauran amsoshin yau a kansa suka dogara: farin wurin ba ya ciyar da tsiron, ci kawai yake yi. Saboda haka irin wannan okid ya fi ɗan'uwansa kore jinkirin girma, ya fi shi saurin ƙonewa, kuma bai kai shi shan ruwa da taki ba.

Na uku cuta ce ta bairos. Biyu ne suka fi yaɗuwa a okid, ana taƙaita sunansu da CymMV da ORSV. Alamarsu tabo ne marar tsari, wani lokaci zobe-zobe, wurin yakan lotsa ya koma baƙi ko ruwan ƙasa, launin fure kuma ya yi ɗige-ɗige. Ba su da magani. Ta ruwan jikin tsiro suke yaɗuwa, galibi a bakin almakashi ko wuƙa. Don haka kowane tsiro da sabuwar rezarsa, ko a gasa almakashin a wuta, ko a jiƙa shi minti 10 a bilic kashi 1 da ruwa kashi 9. Akwai tsinken gwaji da ake yi don waɗannan bairos biyu, shi ne kaɗai ke ba da tabbaci. Wanda aka tabbatar ya kamu, a raba shi da sauran.

Tambaya: Na karanta cewa mai ratsi yana son haske da yawa, sai na ajiye nawa a bakin taga. Yanzu farin wurin ya bushe ya zama ruwan ƙasa. Ina kuskuren yake? Daga wani malami a Kano.

Amsa: Malam, rana ce ta ƙona shi. Gaskiya ne yana buƙatar haske mai kyau tunda koren da ke masa aiki kaɗan ne, amma haske daban, rana tsaye a kan ganye daban. Farin wurin ba shi da abin kare kansa, awa ɗaya ta ranar bazara ta bayan gilashi ta isa ta dafa shi. Wurin da ya ƙone ba ya warkewa. Idan a bushe yake ka bar shi. Idan ya yi laushi yana bazuwa, ka yanke shi da sabuwar reza ka haɗa da ɗan lafiyayyen wuri, ka barbaɗa garin kirfa a bakin yankan.

Phalaenopsis, irin okid ɗin da aka fi sayarwa a tukwane, yana son haske tsakanin luks 10,000 da 15,000 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne). Ludisia da Macodes rabin haka ya ishe su. Akwai manhajar waya da ke auna wannan, ko da ba daidai-wa-daida ba. In babu, ka ɗaga hannu kamar kamu ɗaya a saman ganyen da tsakar rana: inuwa mai dishi-dishi ita ake so. In inuwar ta fito sarai har kana ƙirga yatsu, hasken ya yi yawa. Ka kuma taɓa ganyen, in ka ji ɗumi ka janye tukunyar.

Tagar gabas da siririn farin labule ta fi kowacce. Tagar yamma haɗari ce. Sai ka yi hattara da shawarar da aka rubuta don Turai, wadda ke cewa tagar arewa ba ta samun rana. Kano na kan digiri 12 a arewa da tsakiyar duniya, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana ta arewa take bi, da hunturu kuma ta karkata kudu. Wurin da ya dace a Janairu yana iya zama wurin ƙuna a Yuni. In ɗakin duhu ne, farar fitilar LED a nisan santimita 30 zuwa 40, awa 12 a rana, za ta wadatar.

Tambaya: Na sake wa nawa tukunya, na zuba ƙasa mai kyau da takin gargajiya, ina ba shi ruwa kullum. Ganyen sai yaushi yake yi. In ƙara ruwa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki ƙara ko ɗigo, ki fitar da shi daga ƙasar nan yau. Phalaenopsis a dajinsa a jikin itace yake maƙale, saiwarsa a sarari, ruwan sama ya jiƙa ta iska ta busar. In aka binne ta a ƙasa sai ta rasa iska ta ruɓe. Ganyen yana yaushi ne don babu saiwar da za ta ja ruwa, ba don ruwan ya yi kaɗan ba.

Ki wanke saiwar ki duba. Mai rai tauri gare ta, in ta jiƙe kore ce, in ta bushe ruwan azurfa. Wadda ta mutu ruwan ƙasa ce, in kin matsa sai ɓawon ya zame ya bar zare. Ki yanke duk matattun, ki bar tsiron a inuwa ya sha iska kwana ɗaya. Kada kirfa ta taɓa saiwa mai rai, busar da ita take yi.

Ɓawon itacen da ake shigo da shi don okid shi ne ya fi, amma in bai samu ba ga haɗin da ke aiki: ɓawon kwakwa da aka yanka gutsi-gutsi kamar santimita 2, kashi 2, gawayi mai girman haka, kashi 1, tsingaron tukunyar ƙasa, kashi 1. Ɓawon kwakwa yana ɗauke da gishiri, sai an jiƙa shi awa 24 an zubar da ruwan, sau uku. Gawayin ma a wanke shi tas, kada toka ta biyo shi. Tukunyar ta zama ƙarama daidai saiwar, da huji a ƙasa da gefe. Ta roba mai nuna ciki ta fi, don kina ganin launin saiwa. Bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu haɗin yakan rududduge, sai a sabunta.

Ban ruwa da safe ake yi. A tsoma tukunyar minti 10, a ɗaga ta tsane sarai, ba a sake ba sai saiwa ta koma ruwan azurfa. Da bazara hakan na iya zama bayan kwana 4 ko 5, da damina kwana 8 zuwa 10. Saiwar ce za ta faɗa miki, ba kalanda ba. Ruwan da ya kwanta a tsakiyar ganye, inda sabon toho ke fitowa, ki tsane shi da tishu, domin ruɓewar wurin nan ita ce ajalin tsiron.

Ingancin ruwan ma abin dubawa ne. Ruwan burtsatse a wurare da yawa yana da gishirin ƙasa, alamarsa farin busasshen abu a bakin tukunya da baƙin ƙarshen saiwa, kuma gefen farin ganye ne ke fara nunawa. Tafasawa ba ta magance shi. Ruwan sama ya fi, a tara bayan ruwan farko ya wanke rufi. Ƙaramin ma'aunin TDS, mai auna gishirin da ya narke a ruwa, in ya nuna ƙasa da 150, ruwan ya yi. Taki kuwa mai narkewa a ruwa, irin 20-20-20, kwatan ƙaramin cokalin shayi a lita 4, sau uku a jere, na huɗu ruwa zalla don wanke gishiri. Takin gona mai ƙwaya da kashin dabbobi ƙone saiwa suke yi.

Ludisia da Macodes su a ƙasan daji suke tsiro, cikin ruɓaɓɓen ganye, don haka suna son haɗi mai laushi da ke riƙe danshi, kamar gansakukar sfagnum da ɗan gawayi. Su ma ba sa jure laka.

Tambaya: Yaya zan yi da okid ɗina lokacin hunturu? Daga Damagaram.

Amsa: Malam, hunturu na zuwa da cuta ɗaya da amfani ɗaya. Cutar bushewar iska ce. Okid na son danshin iska na kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, Macodes ma fiye da haka, alhali da hunturu a yankinku yakan sauka ƙasa da 20. Fesa ruwa a ganye ba ya tsinana komai, cikin 'yan mintuna ya bushe, kuma yana jawo ruɓewar tsakiya. Faranti mai tsakuwa da ruwa a ƙarƙashin tukunya taimakonsa kaɗan ne. Abin da ke aiki shi ne akwatin gilashi, irin na kifin ado, da murfi mai ɗan rata kamar yatsa biyu don iska ta riƙa wucewa, ko na'urar fesa danshi a ƙaramin ɗaki. Ƙurar da ke sauka a ganye a goge ta da jiƙaƙƙen ƙyalle duk mako. A kuma duba bayan ganye, don a bushewar nan ne ƙananan ƙwari dangin gizo-gizo ke yaɗuwa, su mayar da bayan ganye fari-fari. Su da farin ƙwaron nan mai kama da auduga, a goge su da auduga da sifirit mai ƙarfin kashi 70, a maimaita bayan kwana 7 har sau uku.

Amfanin kuwa sanyi ne. Phalaenopsis ba ya fitar da sandar fure in zafi ya daɗe sama da digiri 28. Manoman Taiwan da Holan da haka suke riƙe shi har lokacin da suke so, sannan su rage zafin. Sanyin Disamba da Janairu na yin wannan aikin a kyauta cikin mako 4 zuwa 6. Amma kada ɗakin ya sauka ƙasa da digiri 15. Mutanen Jos su janye tukwane daga jikin gilashi da dare.

Tambaya: Sabon ganyen da ya fito kore ne gaba ɗaya, ratsin ya ɓace. Zai dawo? Daga wata ɗaliba a Abuja.

Amsa: 'Yar'uwa, ki jira ganye ɗaya ko biyu na gaba, wani lokaci yakan dawo. In uku suka fito a jere babu ratsi, koren ƙwayoyin sun mamaye wurin toho, kuma babu haske ko takin da zai dawo da shi. Tsiron da ke fitar da rassa da yawa daga gindi, kamar Dendrobium, ana yanke reshen da ya koma kore tun yana ƙarami, don ya fi ƙarfi, zai danne masu ratsin. Phalaenopsis kuwa wurin tohonsa ɗaya ne, kada ki yanke. Fatan da ya rage shi ne ɗan tsiron da yakan fito a sandar fure ko a gindi. In ya zo da ratsi, a raba shi bayan ya yi ganye 2 ko 3 da saiwa 3 masu tsawon santimita 5. In fari ne tas, a bar shi a jikin uwar, domin ba zai iya ciyar da kansa ba.

Tambaya: Na ga masu kyau a intanet daga Tailan. In saya? Daga Sakkwato.

Amsa: Malam, dukkan dangin okid suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, irin okid da ake kira Paphiopedilum ma yana cikin rukuni mafi tsanani. Shigo da tsiro Najeriya yana buƙatar izinin NAQS, hukumar da ke tantance kayan gona masu shigowa ƙasa, da takardar lafiyar tsiro daga ƙasar da ya fito. Wanda ya ce zai sayar maka da "irin" okid mai ratsi a leda, ka rabu da shi: irin okid kamar ƙura yake, a kwalba ake tsirar da shi a ɗakin gwaji, kuma ratsin fari ba kasafai yake bin iri ba. Ka nemi hoton ainihin tsiron da za a turo maka, da ratsi a sababbin ganyensa biyu. In yanzu za ka fara, Ludisia ta fi haƙuri da araha.

Tambaya: Nawa ya yi fure a falo, cikin kwana uku furannin suka zube. Ina ya kamata in ajiye shi don baƙi su gani? Daga wata uwargida a Bauchi.

Amsa: Uwargida, abin da muka fara zargi turaren wuta ne. Furen okid ba ya jure iskar etilin, wadda ke cikin hayaƙi, nunannun 'ya'yan itace kamar ayaba da mangwaro ma suna fitar da ita. In za a turara falo a fitar da tukunyar, sai hayaƙin ya washe a dawo da ita. Kwanon 'ya'yan itace ya yi nesa da ita, haka ma bakin iyakwandishan, don busasshiyar iskarsa na kakkaɓe furen da bai buɗe ba. In an kiyaye, furen Phalaenopsis yakan kai wata biyu zuwa uku.

Wajen ado, ki saka tukunyar robar a cikin tukunyar ƙasa ko tangaran marar zane, da 'yan tsakuwa a ƙasa don kada ta zauna cikin ruwa. Ratsin fari ya fi fitowa a gaban bango mai duhu. Da yake ganyen ne abin kallo, ki ajiye shi ƙasa da tsayin ido. Ludisia da Macodes a akwatin gilashi da fitila daga sama jijiyoyinsu suka fi ƙyalli. Sandar fure in ta kai santimita 15, a kafa mata siririn kara a ɗaure sako-sako, kuma a daina juya tukunyar har furen farko ya buɗe, in ba haka ba sandar za ta murɗe tana bin haske. Teburin tsakiyar falo yawanci haskensa bai isa ba, don haka ranar baƙi kawai za ki kai shi can, washegari ki mayar da shi tagarsa.