Kun Tambaya, Mun Amsa: Koyon Tuƙa Kayak a Madatsar Ruwa Tare da Iyali

Tambayoyin wannan makon duk sun taru ne a kan kayak, ɗan siririn kwalekwalen nan da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu. Asalinsa na mutanen Inuwit ne da maƙwabtansu na can arewacin duniya mai ƙanƙara, waɗanda ke ɗinka shi da fatar dabbobin ruwa don farauta. Na yau galibi na roba ne mai tauri.

Tambaya: Ni magidanci ne mai yara uku, babban shekararsa 12, ƙaramar 5. Babu wanda ya taɓa shiga jirgin ruwa a cikinmu. Wane irin kayak ya dace mu fara da shi?

Amsa: Malam, ku nemi wanda ake zama a samansa, ku bar wanda ake zura ƙafafu a cikinsa sai gaba. Na saman idan ya kife mutum yana zamewa ne kawai ya faɗa ruwa, babu abin da zai riƙe shi, kuma akwai 'yan ramuka a gindinsa da ruwan da ya fantsamo ke tsiyayewa ta nan. Na masu koyo tsawonsa kan kai mita 3 zuwa 3 da rabi, faɗinsa santimita 70 zuwa 80. Faɗin ne ke hana shi tangaɗi, ko da yake yana rage masa gudu.

Ɗan shekara 12 zai iya tuƙa nasa shi kaɗai a gaban mai koyarwa. 'Yar shekara 5 kuwa ta zauna a gaba cikin kayak mai mazauni biyu, babba a bayanta, yadda idonsa ke kanta kuma shi ke sarrafa jirgin. Babba ɗaya, ƙaramin yaro ɗaya. Kowane kayak yana da iyakar nauyin da aka rubuta masa. Kada ku wuce kashi uku cikin huɗu na wannan adadi, don idan ya nutsa sosai nauyin juyawa yake yi.

Tambaya: Ban iya iyo ba, 'ya'yana ma haka. Rigar ceto ta wadatar, ko mu haƙura?

Amsa: Malama, ki faɗa wa mai koyarwa wannan tun kafin a yi rajista, don wasu wuraren suna sharɗanta iya iyo, wasu kuma suna karɓar wanda bai iya ba a ruwa mara zurfi. Sannan ki sani rigunan iri-iri ne. Akwai mai lamba 50 a ma'aunin niyuton, wato ma'aunin ƙarfin da riga ke ɗaga mutum da shi a ruwa, wadda ke taimaka wa wanda ya iya iyo ya tsaya a saman ruwa, amma ba ta juya mutum fuska sama. Wanda bai iya ba da ƙananan yara, mai lamba 100 ko sama ce tasu, mai kwala a bayan wuya da ke tallafe kai. Ta yaro dole ta kasance da maɗaurin da ke bi ta tsakanin ƙafafu.

Ana zaɓa wa yaro riga ne da nauyinsa, ba da shekarunsa ba, kuma ba a sayen babba don "zai girma ya cika ta". Gwajin mai sauƙi ne: bayan an ɗaure duk maɗaurai, a kama kafaɗun rigar a ja sama. Idan ta tashi har ta taɓa kunnuwa ko haɓa, a ruwa ma haka za ta yi, yaron ya sulale ƙasa ita ta yi sama. A ƙara ɗaurewa ko a sauya.

Rigar tana jiki tun daga gaɓa har a dawo. Wadda aka ajiye a bayan mazauni sunanta kaya, domin babu mai iya sa ta yana cikin ruwa a firgice. Tufafi kuma su zama marasa nauyi masu saurin bushewa. Doguwar riga mai faɗi da duk abin da ke ja suna shan ruwa su naɗe ƙafa, ko su maƙale a jikin jirgi.

Tambaya: Me ake koyarwa a darasin farko?

Amsa: Darasin kan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu, kuma kashin farko a tudu ake yin sa. A ɗora tsakiyar filafili a ka, a riƙe shi yadda gwiwar hannu kowacce za ta yi kusurwa kamar ta bango. Faɗin riƙon ke nan. Na manya tsawonsa santimita 210 zuwa 240, na yara ya fi gajarta da siranta. Yaron da aka ba na babba cikin minti goma zai gaji ya ce a koma.

Wajen shiga, jirgi na ruwan da bai wuce gwiwa ba, a fara ajiye mazaunai sannan a shigo da ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Ba a tsayawa a ciki. A daidaita matakin ƙafa yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe.

Tuƙin gaba: bakin filafili ya shiga ruwa daidai yatsun ƙafa, ya fito daidai ƙugu. Kuskuren kusan kowa shi ne ja da damtse kaɗai. Ƙarfin daga juya gangar jiki yake fitowa, kafaɗa na bin filafili. Idan jirgi ya yi ta karkata gefe guda, hannu ɗaya ne ya fi ɗaya ja, ko riƙon ya zame daga tsakiya. Juyawa kuwa, a shari ruwa da faɗi daga goshin jirgi zuwa bayansa. Sharar dama na kai ka hagu. Tsayawa, a tura ruwa gaba sau biyu ko uku kowane gefe.

Sai kifewa da gangan, wanda a ganinmu shi ne zuciyar darasin. Mai koyarwa na tsaye a ruwa iya ƙirji, a kifar da jirgi, a koyi riƙe shi, a juyo shi, a kwanta rubda ciki a tsakiyarsa ana harba ƙafafu har a haye. Makarantar da ba ta ko ambaci wannan ba, ku nemi wata.

Tambaya: Ruwan madatsa a kwance yake, babu igiya kamar teku. Ina haɗarin?

Amsa: Kwanciyar tasa ce ke yaudarar mutane. Kusa da bangon dam akwai mashigar da ruwa ke bi zuwa injinan lantarki ko bututun sha, akwai kuma mazirarar da ake sakin rarar ruwa. Ana iya buɗe ƙofofin ba tare da wanda ke kan ruwa ya sani ba, kuma jan da ke wurin ya fi ƙarfin mai tuƙi. Layin balan-balan da aka gitta a ruwa iyaka ce, ko kusa da ita ba a zuwa. Ƙarƙashin ruwan ma kwari ne da aka cika, akwai kututturan itatuwa da shingaye, gaɓa kuma kan zarce zurfi farat ɗaya, taku biyu daga inda yaro ke tsaye.

Amma abin da ya fi jefa masu koyo cikin wahala iska ce. Madatsa fili ne fetal, babu abin da ke tare ta. Mafi muni ita ce mai busowa daga gaɓa zuwa tsakiya: a bakin ruwa lumui, sai an yi nisa a tarar komawa ta gagara. Mai koyo da ƙyar yake wuce kilomita 3 a awa, iska kuma na tura kayak mara nauyi kamar ƙwarya. Idan hasashen yanayi ya nuna iska ta kusa kilomita 20 a awa, ko kun fara ganin farin kumfa a kan igiya, a ɗaga fita. Ku fara tafiya kuna fuskantar iska, yadda in an gaji ita za ta rako ku gida, kuma ku riƙa bin gaɓa. Da safe ruwa ya fi kwanciya a yawancin wurare.

Akwai sanyi kuma. Madatsa mai zurfi kan yi sanyi ko rana na ƙuna, kuma ruwan da bai kai digiri 15 ba yana sa wanda ya faɗa ya ja numfashi ba da sonsa ba. A minti na farko kada a yi kokawar iyo. A kwanta rigingine, a bar riga ta yi aikinta har numfashi ya daidaita, sannan a nufi jirgi. Jirgin da ya kife ya fi kan mutum saurin ganuwa daga nesa, saboda haka ba a barinsa a ce za a yi iyo zuwa gaɓa. Da an ji tsawa kowa ya fito, a jira minti 30 bayan ta ƙarshe.

Tambaya: Ruwan kansa fa, ba ya sa cuta?

Amsa: Yana iya sawa. Idan samansa ya yi kore shar kamar an zuba fenti, gansakuka ce da kan iya ɗauke da guba mai sa ƙaiƙayi da amai. Ranar ba a shiga. A ƙasashen zafi kuma ruwan da ba ya gudu kan ɗauki tsargiya, wadda ƙwayarta ke fitowa daga dodon koɗi ta ratsa fata. Ku tambayi masu kula da madatsar, ku tambaye su har da batun kada da dorina inda ake da su. A rufe rauni da filasta, a yi wanka da sabulu bayan an fito.

Tambaya: Me za mu riƙe?

Amsa: Ruwan sha, hula, takalmin da ba ya zamewa daga ƙafa, kayan sauyawa, da waya cikin jakar da ruwa ba ya shiga, a ɗaure a jikin riga. Kowa da usur a rigarsa. Busa uku a jere neman agaji ne, kuma a nuna wa yara ba abin wasa ba ne. Kafin ku shiga, wani da ke tudu ya san ku nawa ne, ina kuka nufa, da ƙarfe nawa za ku dawo.