Tsiro mai cin ƙwari a ɗaki: fitila kawai ba ta wadatar ba

Wani bawan Allah daga Mabera ya aiko da tambaya. An kawo masa tsiron nan mai kama ƙuda da ake kira Venus flytrap, ya ajiye shi a falo, sai ganyen ya yi fari-fari ya yi tsawo, bakunan kuma sun daina rufewa da hanzari. Shin fitilar LED za ta farfaɗo da shi?

Malam, alamun da ka lissafa duk na ƙarancin haske ne. Ƙwaron da tsiron ke kamawa taki ne kawai a wurinsa, domin asalinsa daga fadamun jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu ne a Amurka, inda ƙasa ba ta da isasshen naitirojin, sinadarin takin da tsiro ke bukata. Ainihin abincinsa da haske yake haɗa shi, kamar gero da dawa. Nemi farar fitilar LED wadda aka rubuta 5000K zuwa 6500K a kwalinta, mai wat 20 ko kusa da haka. Rataye ta santimita 15 zuwa 30 bisa tsiron, ta yi awa 12 zuwa 14 kullum, da dare a kashe. Masu launin shunayya da ake talla suna aiki, amma ba dole ba ne, kuma suna hana ka ganin lafiyar ganye. In cikin bakunan ya fara ja, hasken ya isa. In gefen ganye ya ƙone, ɗaga fitilar.

Kada ka dogara da wutar gari. Wat 20 na awa 14 bai kai kashi ɗaya cikin uku na yunit ɗaya ba, ƙaramar sola da batir sun ɗauka.

Sai dai in gaya maka gaskiya, ka zaɓi mafi wuya. Wannan tsiro yana bukatar barcin sanyi na kimanin wata 3 duk shekara, sanyin da hunturunmu bai kai ba, ga zafin Afrilu da Mayu da kan wuce digiri 40 a Sakkwato. Da ni ka tuntuɓa tun farko, da na ce ka nemi Nepenthes irin na wurare masu zafi ba na kan tsaunuka ba, mai cin ƙwarin nan mai tulu da ke fitowa a dazuzzukan Boniyo da Sumatara, ko Drosera mai ganye da ɗigon danƙo. Nepenthes ba ya barcin sanyi, hasken da yake so ma bai kai haka ba. Matsalarsa bushewar iskar hunturu, don haka a sa shi cikin akwatin gilashi, a bar kafar shan iska.

Wata Hajiya daga Arkilla kuma ta ce tana da fitila, tana ba da ruwa, har takin zamani ta sa, amma nata ya yi baƙi.

Hajiya, takin ne ya ƙone saiwar, ruwan kuma ya taya shi. Ruwan rijiya, na burtsatse, na famfo, har fiya wata, duk suna ɗauke da gishirin ma'adinai da ke taruwa a tukunya. Ki tari ruwan sama da damina ki adana, ko ki sayi tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ki tabbatar ba mai asid ba ne. Ƙasar ma ba ta lambu ba ce: gansakukar fadama da wankakken yashi, ba taki ko ƙwaya ɗaya. In akwai sauran kore a gindinsa, ki sauya masa ƙasa yau. A hana yara tsokanar bakunan da tsinke, kowane baki sau 'yan kaɗan yake rufewa ya mutu. Nama ma kada a ba shi, ruɓewa yake yi.

Wanda ya tambaya ko zai kore masa sauro kuwa, a'a. Gidan sauronka yana nan a matsayinsa.