Tambayi Likitan Dabbobi: Maganin Gargajiya ga Karnuka da Kyanwowi

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni mafarauci ne, kuma tun da damina ta sauka kaska ta addabi karnukana, ta cika musu kunnuwa da tsakankanin yatsu, ɗaya daga cikinsu ma gashinsa ya fara zubewa, yana ta susa dare da rana. Wani abokin farautata ya ce in dafa ganyen darbejiya in yi musu wanka, wani kuma ya ce in shafa wa mai susar baƙin man mota. Wace shawara zan bi? Daga wani mai karatu a Ningi, Jihar Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawarar darbejiya tana da tushe, domin itacen nan, wanda wasu ke kira dogon yaro ko maina, yana ɗauke da wani sinadari mai suna azadiraktin, wanda ke korar ƙwari, yana kuma hana su girma da hayayyafa yadda ya kamata. Ka tafasa ganyen, ka bari ruwan ya huce sarai, ka tace, sannan ka yi wa karnukan wanka da shi, kana kiyaye idanuwansu, kuma kada ka ɗura musu shi su sha. Sai dai wankan ba zai raba ka da kaska ba in ka tsaya a kansa kaɗai, saboda kaskar kare ba a jikin kare take yin yawancin rayuwarta ba. Idan macen ta sha jini ta ƙoshi sai ta faɗo, ta shige tsagar bango ko ƙarƙashin tarkace, ta zuba dubban ƙwayaye, bayan 'yan makonni kuma 'ya'yan su hau karen da ka yi wa wanka. Saboda haka ka share makwancinsu, ka ƙone sharar, ka lilliƙe tsagogin bangon, waɗanda suka riga suka kafe a fata kuma ka cire su ɗaya bayan ɗaya, ka kama kusa da kai ka ja a hankali.

Abin da ya fi damuna game da kaska shi ne cututtukan da take zubawa a cikin jini. Ka riƙa ɗaga leɓen kowane kare kana duba dasashinsa. Idan ka ga ya yi fari, karen ya daina cin abinci, jikinsa da zafi, ko fitsarinsa ya koma ja ko baƙi-baƙi, to ƙwayar cuta tana farfasa masa jini, kuma wannan sai allura a hannun likitan dabbobi, babu jiƙon da zai kai gare ta.

Baƙin man mota kuwa ina roƙonka ka nisance shi. Yana ƙona fata, kare kuma yana lashe shi, gubar da ke ciki ta sauka a hanta da ƙoda. Haka ma ruwan taba da wasu ke jiƙawa su yi wa kare wanka, nikotin ɗin da ke ciki yana ratsa fata, yana iya jawo makyarkyata har mutuwa. Zubewar gashi da susa mai tsanani alama ce ta ƙazuwa, wadda wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani ke haddasawa ta hanyar haƙa cikin fata. Likita zai kankari fatar kaɗan ya duba a madubin likita, ya ba shi maganin da ya dace, irin su ibamektin, a kan ma'aunin nauyinsa. Ka ware karen mai susar daga sauran, ka kuma hana yara wasa da shi, domin wani nau'in ƙazuwar yana kama mutum.

Tambaya: Likita, ina da kyanwa da nake ji da ita ƙwarai, ita ce ta raba ɗakin ajiyata da ɓeraye. Kwanan nan ta rame, kuma ina ganin wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiyarta. Maƙwabciyata ta ce in daka tafarnuwa in zuba mata a madara, tunda mu ma muna amfani da ita don tsutsar ciki. Hakan ya yi daidai? Daga wata uwargida a Damagaram, Jamhuriyar Nijar.

Amsa: Hajiya, Allah Ya saka miki da alheri da kika tambaya kafin ki ba ta. Kada ki ba ta tafarnuwa, kada kuma ki ba ta albasa, ɗanya ce ko dafaffiya ko gari. Dukansu suna da sinadaran da ke lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare da kyanwa, kuma kyanwa ta fi kare saurin cutuwa da su. Illar ba ta bayyana nan take, sai bayan kwana biyu ko fiye za a ga dabbar ta yi laushi, tana haki, dasashinta ya yi fari, a lokacin kuwa ba kowa zai tuna da abin da aka ba ta ba. Wannan ne ya sa nake gargaɗin mutane ko da a kan yawan zuba wa kyanwa ragowar miya mai albasa.

Tunanin maƙwabciyarki shi ne tunanin yawancinmu, cewa abin da ya amfani mutum zai amfani dabba, amma halittar kyanwa daban ce. Ita macin nama ce zalla, kuma hantarta ba ta da isasshen ƙarfin warware wasu sinadarai da hantar mutum ke fitarwa cikin sauƙi, musamman waɗanda suke fitowa daga tsirrai. Dalilin ke nan da ƙwayar farasitamol guda ɗaya ke iya kashe kyanwa, dalilin ke nan kuma da ban yarda a shafa mata man darbejiya ko mayukan ƙamshi na tsirrai ba, tunda duk abin da ya taɓa gashinta sai ta lashe shi. Ga kuma batun ma'auni. Makiyayanmu sun daɗe suna ba shanu jiƙon sassaƙen maɗaci ko na marke don tsutsar ciki, kuma ilimi ne da nake girmamawa, sai dai saniya mai nauyin kilo 300 ce ke sha, kyanwarki kuwa da wuya ta wuce kilo 4.

Fararen abubuwan da kike gani gutsattsarin farar tsutsa ce mai faɗi, wadda kyanwa ke samu idan ta haɗiyi ƙuma yayin lasar jikinta, ko ta ci ɓera mai ɗauke da ita. Maganinta furazikwantel, ana samunsa a shagunan magungunan dabbobi, kuma ba shi da tsada, amma ki bari likita ya auna mata gwargwadon nauyinta. Ki nemi maganin ƙuma wanda aka rubuta cewa na kyanwa ne, domin na karnuka da yawa suna ɗauke da fametirin, wanda ke jefa kyanwa cikin farfaɗiya. Kyanwar da ke farautar ɓeraye tana bukatar maganin tsutsa duk bayan wata 3.

Tambaya: Karen gadin gonarmu ya yanke a ƙafa da tsohon kwano. Zan iya sa masa zuma? Daga wani matashi a Funtuwa.

Amsa: Za ka iya, ɗana, matuƙar raunin bai yi zurfi ba. Ka wanke shi da tafasasshen ruwan da ya huce, wanda ka sa wa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita, ka shafa zuma mai kyau, ka ɗaure da tsabtataccen ƙyalle, kana sauyawa kullum. Zuma tana janye ruwa daga ƙwayoyin cuta, tana hana su yaɗuwa. Kada ka ɗiga masa nonon tumfafiya ko ruwan cin-da-zugu, dukansu guba ne idan ya lasa. Idan raunin ya buɗe baki, ko ya fara wari, ko ƙafar ta kumbura, to sai ɗinki da allura.

Tambaya: Likita, wani baƙon kare mai dalalar da miyau ya shigo unguwarmu, ya ciji karena, ya kuma yagi ƙanena a hannu kafin a kashe shi. An kawo mana wata saiwa an ce a jiƙa su sha su biyun. Tana magani? Daga wani mai karatu a Argungu.

Amsa: Malam, ka ajiye saiwar nan, ka kai ƙanenka asibiti yau ɗin nan, ko da kwanaki sun riga sun wuce, ko da raunin ya fara warkewa. Ciwon haukan kare ba shi da magani a cikin saiwa ko ganye, asibiti ma ba ta da maganinsa idan alamominsa suka bayyana, kusan duk wanda ya kai wannan mataki yana rasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukansu ta cizon kare ne. Abin da ke sa mutane su gaskata jiƙo shi ne ƙwayar cutar tana tafiya a hankali ta cikin jijiyoyi zuwa ƙwaƙwalwa, sau da yawa tana ɗaukar wata 2 zuwa 3 kafin ta nuna kanta, sai a zaci an warke. Wannan tazarar ita ce damar da allurar rigakafi ke amfani da ita, kuma tana aiki ƙwarai idan an fara ta da wuri aka kuma kammala dukan alluran.

Nan gaba duk wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15 kafin komai. Karenka kuwa ka ɗaure shi inda ba zai kai ga mutum ko dabba ba, ka sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukumarku, ka gaya musu ko an taɓa yi masa rigakafi, su za su yanke abin da za a yi da shi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar rigakafin wannan ciwo ta karnuka, ana fara yi wa kwikwiyo yana da wata 3, a maimaita kowace shekara. Ka yi magana da mai unguwarku a tara sauran karnukan unguwar a yi musu gaba ɗaya, domin ba a san waɗanda baƙon karen ya ciza kafin ya iso ƙofar gidanku ba.