Ƙanena na Liyon, ga inda za ka fara neman kakanka

Wani ƙaninmu ɗan Garwa ta Kamaru da ke aikin gadi a Liyon ta Faransa ya turo min saƙo cikin dare, dogo ne sosai amma ga gundarinsa. Wai 'yarsa ce ta dawo daga lakwal, wato makaranta, an ba su aiki kowa ya zana asalin gidansu, ta tambaye shi sunan kakansa da na uban kakan, ya yi tsuru-tsuru. Abin da ya sani kawai, baban babansa daga wajen Kano ya fito da niyyar Makka a ƙafa, ya yada zango a Lami, wato Njamena ta yanzu, wasu shekaru, ana cewa har ya yi sojan Faransa, daga baya ya gangaro Garwa yana sayar da goro har ya rasu. Tambayarsa biyu ce: ina zai samu takardun wannan bawan Allah, kuma in ya tabbata ya yi soja ko hakan zai taimaka masa ya zama ɗan ƙasa a can.

To ƙanena bari in fara da ta biyun tunda na san ita ce ta hana ka barci. A'a, don kakanka ya sa kakin Faransa ba shi zai sa a ba ka fasfo ɗinsu ba, duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya haɗa maka dosiye a kan wannan to damfara ce, ka riƙe kuɗin guminka. Kuma ka sani dokar zama ɗan ƙasa ta Kamaru ta 1968 ba ta yarda da ƙasa biyu ba, baligin da ya karɓi na wata ƙasa da son ransa a doka ya saki na gida, Cadi ce ta yarda da biyu. Ka yi lissafinka da kyau kafin ka sa hannu a wani abu, musamman in kana da fili a gida.

Yanzu maganar neman kaka. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya buɗe waya ya rubuta sunan kakansa ya zauna jira. Ba za ka ga komai ba wallahi. Nasara bai rubuta mu don ya san mu ba, ya rubuta wanda yake son wani abu a wurinsa ne, mai biyan haraji, soja, ɗan kaso, masinja, tafinta, mai neman izinin tafiya. Talaka Bahaushe mai tallan goro in bai yi karo da hukuma ba zai iya haihuwa ya rayu ya mutu alƙalamin bature bai taɓa sunansa ba. Shi ya sa tsofaffinmu da yawa katinsu an rubuta "né vers 1920", wato an haife shi wajajen shekara kaza, akawu ne ya kalli fuska ya yanka shekara, wasu kuma takardar haihuwar sai da suka yi gemu kotu ta yi musu ita da shaidu biyu. Tambayar da za ka yi ke nan: a ina kakana ya gogi gwamnati? Nan ne takarda take.

Amma kafin gwamnati akwai gida, kuma nan nake so ka fi daɗewa. Ka ce gwaggonka tana nan da rai a Hausare, ta haura tamanin. Ita ce babbar ma'ajiyarka, kuma ita ce ba ta jira. Kada ka kira ta a WhatsApp ka ce gwaggo ba ni tarihin gidanmu, za ta ce maka ita me ta sani, ta sa maka albarka ta kashe. Ka tura wa wata jikarta mai hankali kuɗin goro da sukari da ganyen shayi, ta zauna da ita bayan la'asar ta kunna rikoda a waya, a yi ta hira kamar ba komai. A tambaye ta ƙananan abubuwa. Wane irin zane ne a fuskarsa, don zanen Bagobiri daban na Bakabe daban. Da wa yake wasan taubasantaka a kasuwa, in Bazazzage yake tsokana to lallai Bakano ne. Me ake masa kirari da shi. Gidan wa ya sauka da ya zo, wa ya ba shi mata, wa ya yi masa walicci. Yana cewa shi Ba'agale ne ko Batokare ko Bakambarin Barebari, don waɗannan su ne suka riƙe fataucin goro tun da can kuma zuriyarsu sun san juna har yau a Kano da Katsina. Mata su ne ke riƙe irin wannan, maza sai su ba ka suna uku su ce daga nan sai sharifai.

Shekara kuwa kada a tambaye ta lamba. A ce zamanin wane lamiɗo ne, kafin Ahijo ya hau shugabancin Kamaru a 1960 ko bayan nan, ko ya taɓa ba da labarin yunwar Kakalaba ta wajen 1914 ko annobar marisuwa ta 1918, yana yaro ne lokacin ko ba a haife shi ba. Da haka za ka matse shekarun har su zo hannu.

Sai sunan kansa, wanda shi ne ke ɓatar da mutane. Mutum ɗaya suna huɗu. In Abubakar ne to a gida Garba ne ko Habu, Fulanin Garwa su ce Buba, akawun Faransa ya rubuta Aboubakar ko Boubakari ko Bouba. Usman ya koma Ousmanou a Kamaru, Ousman a Cadi, gida kuma Shehu ko Mani. Muhammadu a Lami ya zama Mahamat, a Adamawa Hamman. Ga lakabi irin Tanko da Ɗanladi da Talle da suka danne sunan yanka har 'ya'yan cikinsa ba su sani ba. Wani lokacin ma akawu sai ya sa sunan gari ko ƙabila a wurin sunan uba, ka ga wane Kano, wane Haoussa. Ka samu takarda ka jera duk yadda za a iya rubuta sunan, da "ou" a wurin "u" da "dj" a wurin "j", ka riƙa yawo da ita.

Bayan baki sai adaka. Kowane tsohon gida yana da akwatin ƙarfe ko gafaka da ba a buɗewa. Ni a namu gidan, a bangon ƙarshe na wani Alƙur'ani rubutun hannu na samu inda kakanmu ya riƙa rubuta haihuwar 'ya'yansa da tawadar zuge, rana da wata da shekarar hijira, har da biyu da suka rasu suna jarirai waɗanda babu mai ambatonsu, gwaggona da na karanta mata sai ta yi shiru ta ce ai ta tuna an taɓa cewa tana da yaya. In ka ga shekarar hijira ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, misali 1350 ta ba ka 1931. In da ramzi aka rubuta, wato haruffa a madadin lamba, a kai wa malamin zaure ya warware. Takardar da ta fi kowace daraja kuwa ita ce ta rabon gado da alƙali ya yi, don ita ba ta tsallake kowa, mata nawa, 'ya'ya nawa, wa ke raye wa ya riga shi. Sai takardar sayen gida, tsofaffin rasit na haraji, hoto mai hatimin mai ɗauka a baya. Kuma dan Allah kada ka ce a aiko maka da su Faransa, rigima za ka tayar a banza, a ɗauki hoto gaba da baya a mayar inda suke.

Daga nan fada. Lamiɗan arewacin Kamaru suna da Sarkin Hausawa a cikin 'yan majalisarsu, kuma baƙon da ya zo gari a da ta hannunsa ko ta hannun fatoma yake shiga. A tura dattijo daga gidanku ya je gaisuwa yadda aka saba, ba yaro da waya a hannu ba. Sau da yawa za a samu wani tsoho a zauren da zai ce af, ai mai goron nan maƙwabcin babana ne.

To sai soja, nan ne kake da sa'a don kana zaune kusa da takardun. Lami da gwaggo ke faɗi ita ce Fort-Lamy, an kafa ta a 1900 bayan yaƙin Kusiri inda aka kashe Rabe da kwamandan Faransa Lamy rana ɗaya, sai a 1973 aka mayar da ita Njamena, saboda haka duk tsohuwar takarda da tsohon suna za ka neme ta, ita ma Kusiri Fort-Foureau suke rubutawa. A watan Agusta 1940 gwamna Félix Éboué ya kai Cadi ɓangaren Janar Dagol, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus a yaƙin duniya na biyu, daga nan rundunar kwamanda Leclerc ta tashi ta ci Kufra a Libiya a Maris 1941, kuma yawancin sojojin baƙar fata ne na rundunar da suke kira tirailleurs sénégalais du Tchad ko da yake ba 'yan Senegal ba ne. In kakanka matashi ne a Lami a lokacin to zancen gwaggo ya hau. Takardun irin waɗannan sojoji suna garin Pau a kudancin Faransa, a ma'ajiyar takardun ma'aikatan soja da ake kira CAPM. Wasiƙa za ka rubuta musu, sunansa da duk rubuce-rubucensa, shekarar haihuwa ko da ta kintace ce, inda aka ɗauke shi, ka haɗa da abin da ke nuna dangantakarku. Abin da zai sauƙaƙa komai shi ne lambarsa ta soja, a duba adaka ko akwai ɗan littafin soja ko katin fansho ko lambar yabo. In aka dace takardar za ta ba ka sunan ubansa da na uwarsa da garin da ya ce an haife shi, har tsayinsa da zanen fuskarsa suna rubutawa. Sai dai ka sani mutumin da ya fito daga ƙasar Ingilishi zai iya cewa shi ɗan Lami ne don a ɗauke shi, kada ka ɗauki garin haihuwar nan kamar aya.

Ma'ajiyar takardun mulkin mallaka ta Aix-en-Provence ma ba ta da nisa da kai a jirgin ƙasa, shiga kyauta ne da katin shaida. Cadi tana ƙarƙashin babban gwamnan Faransa da ke Brazabil ta Kongo ne a lokacin, an kwaso takardun can da yawa an kawo nan. Amma rahoton gwamnoni ne ya fi yawa, za ka ji labarin hanyar alhazai da kasuwar goro da unguwannin Hausawa, sunan kakanka kuwa sai an yi babbar sa'a. Na Kamaru yawanci suna Yawunde, har da na zamanin Jamus da ya ƙare a 1916. A Njamena kuma kada ka sa rai da yawa, yaƙin 1979 da 1980 ya ci takardu ba kaɗan ba, mutane da abin da ke jikinsu suka tsallaka kogi zuwa Kusiri.

Littattafan ƙidayar haraji su ne nake so in ce ka nema amma zuciyata ba ta cika ba. Akawu yana bin gida gida ya rubuta maigida da matansa da 'ya'ya da dabbobi, abu mai kyau in ya tsira. Na taɓa bin irinsa a wani ofishi da ba zan faɗi sunansa ba, sati biyu ana ce min mai makulli ya fita, da na ba da na goro aka buɗe ɗakin sai ga takardu a ƙasa cikin kashin jemage, littafin da nake nema gara ta cinye rabinsa daidai layin sunaye, ta bar min adadin awaki. Kuma ko ya tsira ka tuna iyayenmu ɓoye yara suke yi saboda haraji da lakwal, gida mai 'ya'ya tara a rubuta huɗu.

Ɓangaren Najeriya sai ka samu sunan gari ko unguwa tukuna, in ba haka ba Kano teku ce. In ka samu, mai unguwa da limamin wurin sun fi maka ma'ajiyar takardu ta ƙasa da ke Kaduna amfani, ko da yake ita ma tana da rahotannin haraji na gundumomi.

Abu ɗaya da zan gaya maka a matsayina na yayanka, ka shirya wa abin da za ka tono. Hanyar da ya biyo, daga Lami zuwa Ati da Abeshe da Adare har Junaina da Fashir, mutane sun yi shekara goma ashirin a kanta suna noma suna aure suna haihuwa, dubbai ma ba su ƙarasa ba suka zauna a Sudan, irin mutanen Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Ba abin mamaki ba ne ka tarar kakanka ya bar mata da 'ya'ya a Lami ko Abeshe da gidanku bai san da su ba, sai maganar gado ta taso. Ko ka tarar wata kaka da ake cewa 'yar sarki ce ashe kuyanga ce aka saya, a Adamawa ta wancan zamani wannan ba baƙon abu ba ne. In ka ji irin haka kada ka watsa a guruf ɗin dangi da tsakar dare, ka kira babban yayanku ku yi magana tukuna.

Gwajin jini na DNA da ka ambata a ƙarshe kuma ka bar shi, a Faransa doka ta hana yin sa don nishaɗi har da tara, kuma ba zai ba ka sunan kakanka ba, ce maka zai yi kai ɗan Afirka ta yamma ne, abin da madubi ya riga ya gaya maka.

Wannan satin dai ka tura kuɗin shayin gwaggo, ka ce wa yarinyar ta caja wayarta ta cika kafin ta zauna. In an buɗe adaka aka ga wata takarda mai lamba ko hatimi ka turo min hotonta in duba maka kafin ka rubuta wa mutanen Pau.